A Sama Ba A Cewa "Akwai Sauka"

Yau ban zo da zancen girki ko renon jariri ba. Wani abin kunya ne da ya same ni na ke so in ba ku labarinsa. Na daɗe ina ɓoye shi, sai makon jiya wata yarinya 'yar maƙwabtanmu, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare, ta shigo mini da murna, wai wani saurayi da suka haɗu a gidan biki ya ce zai ɗauke ta da ƙawarta su sha iska a jirgin sama. Na ga idonta yana ƙyalli irin yadda nawa ya taɓa yi, sai na ce to, ɓoyo ya isa haka nan.

A watan Janairu na 2023 aka yi bikin wata ƙawata a Yola. Tare muka yi Kwalejin Horon Malamai, ɗakinmu ɗaya, kwanonmu ɗaya, sabo da haka ko da rarrafe ne sai na je. Na tashi daga Kano da asuba ran Laraba, ban isa ba sai bayan isha'i, ƙafafuna sun kumbura, ƙura har cikin haƙori. Na sauka gidan Gwaggona, ƙanwar Babanmu, wadda aure ya kai ta can tun ba a haife ni ba. Aka sha biki, aka ɗaura aure ran Asabar. Ran Littinin kuwa a ke buɗe makaranta, shugabarmu kuma ba ta san wasa ba a ranar farko. Malamar da ba ta sa hannu a littafi da ƙarfe bakwai da rabi ba ta san sauran. Watau ba ni da wata dabara sai in kwashe Lahadi ɗungum a cikin mota, in isa gida da dare, in wayi gari a aji.

Wajen walima aka nuna mana shi. An ce abokin ango ne, daga baya na ji abokin abokin ango ne. Dogo, da farar shadda, da baƙin tabarau ko da ya ke rana ta riga ta faɗi, kowa na ce masa Kyaftin. Aka ce da jirgi ya zo, ƙarami mai kujera huɗu, na wani ubangidansa, gobe zai koma Kano, kuma akwai wuri biyu. Ya dube ni da wata ƙawarmu da mu ke hanya ɗaya, ya ce, "Malama, me zai sa ku wahalad da kanku? Awa biyu da rabi kun isa. Ku yi azahar a nan, ku yi la'asar a gida." Ya ce ko kwabo ba ya so.

Ni kuwa ban taɓa shiga jirgi ba. Tun 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, amma har yau in ya wuce ina cikin aji sai yara su ruga taga, ni ma in saci kallo. Kada in yi muku ƙarya in ce tsoron shugaba kaɗai ya ja ni. Na hango kaina ne ran Littinin a ofishin malamai, ana ce mini yaya hanya, ni kuwa ina gyara mayafi ina cewa, "Ai ta sama muka dawo."

Da na koma gida na faɗa wa Gwaggo, sai ta ajiye carbinta. Ta ce, "Ɗan wane ne?" Na ce abokin ango ne. Ta ce, "Cewa na yi ɗan wane ne? Wace unguwa? Wa ya taɓa shiga jirgin nasa ya sauko, da za a je a tambaye shi?" Ba ni da amsa ko ɗaya. Ko sunansa na yanka ban sani ba, Kyaftin kawai. Ta ce, "'Yar nan, ba a nan bayan garin Gwamna guda ya faɗo da jirgi ba? Shi da ke riƙe da Jiha?" Tana nufin marigayi Danbaba Suntai, Gwamnan Taraba, wanda ya taso daga Jalingo ran 25 ga Oktoba, 2012, yana tuƙa jirgi da kansa, ya faɗi kusa da Yola da magariba. Ya tsira da ransa, shi da mutanen da ke ciki, amma bai sake komawa daidai ba har ya rasu a 2017. Da hukumar binciken haɗarin jirage ta fitad da rahotonta, ta ce ba shi da shaidar tuƙa irin wannan jirgin, kuma ya ci gaba da tafiya da ganin ido bayan rana ta faɗi.

Na ce, "Haba Gwaggo, ai mota ta fi kashe mutane. An ƙididdige, jirgi ya fi kowane abin hawa lafiya." Na faɗa da muryar nan tamu ta 'yan boko, wadda mu kan yi wa tsofaffi in muna so su yi shiru. Ta kuwa yi shiru. Maganar da na faɗa gaskiya ce, amma rabi. Ƙididdigar nan ta manyan jiragen fasinja ce, masu matuƙa biyu a gaba, waɗanda kamfani ke sake jarrabawa a kai a kai, ga ma'aikata masu duba inji da masu auna kaya da masu karanta yanayin sama. Ƙaramin jirgin da mutum ɗaya ke tuƙawa don nishaɗi, shi ne direba, shi ne mai duba mai, shi ne mai yanke shawarar a tafi ko a fasa, wannan lissafinsa daban ne. Na ɗauko alhakin wani na rataya wa wani. Da safe Gwaggo ta haɗa mini tsaraba, ta ce Allah ya kiyaye hanya, ba ta dubi fuskata ba.

An ce mu zo filin jirgi da ƙarfe goma sha biyu. Muka zo, muka zauna. Azahar ta wuce, aka kira la'asar, sa'an nan ga Kyaftin da wani abokinsa ƙato, wai sun tsaya cin abinci gidan surukan ango. Ga mu mu huɗu, ga akwatunanmu biyu, ga jakunkunansu, ga ƙunshin alkaki da nakiya da dubulan, ga galan na man shanu da kwalin busasshen kifin Binuwai da Gwaggo ta ba ni. Ba wanda ya ɗora ko ɗaya a kan sikeli, ba wanda ya tambaye mu nauyinmu. Da gwiwa ya danna kayan kafin ƙofar ta rufu, saura muka rungume a cinya. Ya shura taya da ƙafa irin yadda direbobin tasha ke yi, ya ce mu shiga. Wani ma'aikaci ya ce masa ana cewa hazo ya sauko ta arewa. Ya yi dariya ya ce, "Ai na saba."

Ƙarfe huɗu da kwata farfela ta fara juyawa. Jirgin ya daɗe yana gudu a ƙasa kamar ba ya son rabuwa da ita, har na ga ƙarshen kwalta yana tahowa, sa'an nan ya ɗago da ƙyar. Ban san wannan wani abu ba ne, na zaci haka a ke yi.

Dole in faɗi gaskiya, abin da na gani da farko yana da kyau ƙwarai. Ga Binuwai shimfiɗe, rani ya fitad da yashinsa fari fat, kwale-kwale kamar ƙwayoyin shinkafa a faifai. Ga gonakin raken Numan kore shar a tsakiyar ƙasa busasshiya. Ga garken shanu kamar an watsa gero. Na ce a raina wannan duk zan kai wa 'yan ajina, darasin labarin ƙasa ya samu. Minti ashirin na yi ina jin daɗi, kuma har gobe ba zan ce ban ji ba.

Can sai lissafi ya faɗo mini, irin wanda na ke ba 'yan aji huɗu. In jirgi ya tashi da ƙarfe huɗu da kwata, tafiya kuma awa biyu da rabi ce, ƙarfe nawa zai isa? Bakwai saura kwata. A Janairu kuwa ƙarfe shida da 'yan mintoci rana ta ke faɗuwa. Na sunkuya gaba na ɗaga murya, don ƙarar inji ba ta barin a ji magana, na ce, "Malam, ba dare zai yi mana ba?" Ya waiwayo ya ce, "Malama, ki kwantad da hankalinki."

Ba mu jima ba ƙasa ta fara dushewa. Da fari kamar ana kallonta ta cikin tsohon mayafi, daga nan sai ta ɓace. Sama da ƙasa da gefe duk suka zama launi ɗaya, launin kunun tsamiya. Rana ta koma kamar farin faranti, ana iya dubanta ba ƙiftawa. Inda sama ke haɗuwa da ƙasa, layin nan da ido ke dogara da shi, babu shi sam. Sai na ga Kyaftin ya cire tabarau ya jefa a aljihu. A nan ne cikina ya ɗuri ruwa.

Ya ɗora wayarsa a cinya yana duban taswira, ya ɗago ya leƙa taga, ya sake sunkuyawa. Ya saukad da jirgin ƙasa-ƙasa wai ko ya ga titi. Abokinsa da ke ta surutu tun Yola ya yi tsit. Ni dai a jikina ina ji muna tafiya sak, a miƙe, amma farin farantin nan da ke tagar hagu sai ga shi a tagar dama, alhali ban ji mun juya ba. Ƙarar injin ta canza, ta yi sama, na ji an danna ni cikin kujera kamar an ɗora mini buhu. Sa'an nan hazon ya ɗan yaye ta gefena, sai ga dutse, cikin duwatsun nan na ƙasar Tangale, kuma ɗaga kai na yi kafin in ga ƙololuwarsa. Ƙaton nan ya fasa salati. Ƙawata ta kafa mini farce a dantse, tabon yana nan har yau.

Kun san abin da ya zo mini a rai a lokacin? Motar haya. In direba ya cika gudu, mu mata ba mu raga masa. Wata ta ce, "Direba, rayuka ka ɗauko!" Wata ta ce a bi a hankali akwai mai ciki. In ya ƙi ji, da an iso ƙauye na gaba sai ki buga jikin mota ki ce, "Akwai sauka," ki yi asarar kuɗinki ki tsira da ranki. Na dubi ƙofar da ke kusa da ni, na ga ba inda zan ce a sauke ni. Da ma mugun nufi gare shi, ya juya da mu wani gari, me za mu iya? Ba mu san gabas ba, ba mu san yamma ba. Kuma Babanmu yana can Kano yana tsammanin ina cikin mota, don ban faɗa masa ba. Na so in ba su mamaki.

Allah ya taimake mu, mutumin nan ya daidaita jirgin, kuma girman kai ya sake shi. Ya ɗauki rediyo ya kira, da wata murya wadda ba ita ya yi mana magana da ita a gidan biki ba, ya ce ya ɓata. Aka yi ta yi masa kwatance. Can muka hango baƙin layin kwalta a ƙarƙashinmu, ya bi shi kamar makaho da bango, har Gombe. Muka dira rana tana gab da nutsewa. Sau uku jirgin ya yi tsalle kafin ya zauna. Da na sauko ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna a kan akwatina ina kuka, man shanun Gwaggo kuwa ya tsiyaye a zanen ankona.

Wani dattijo bakanike ya zo. Ya tsaya yana kallon kayan da a ke fitarwa, yana girgiza kai. Ya ja Kyaftin gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa, sa'an nan ya dawo wurinmu ya ce, "'Ya'yana, wa ya ba ku wannan shawara?" Muka ce ba kowa, Baba. Ya ce shi a makarantar koyon aikin jirgin sama ta Zariya ya yi karatu, wadda aka kafa tun 1964, kuma gashin kansa a gindin jirage ya yi fari. Kafin motar da ya aika a nemo mana ta iso, ya koya mana abin da ya kamata mu sani tun jiya.

Ashe lasin tuƙin jirgi hawa-hawa ne. Na farko shi ne na mai tuƙa kansa, wanda a ke iya samu bayan awa 40 kacal a sama. Ku lissafa, bai cika kwana biyu ba. Mai wannan lasin yana iya ɗaukar 'yan'uwa da abokai, amma doka ta hana shi ɗaukar fasinja don a biya shi. Mai son yin haya sai ya kai wajen awa 200 ya sake cin wata jarrabawa. Kyaftin na gaskiya, mai jan babban jirgin fasinja, sai ya tara awa 1,500. Ban da wannan kuma akwai shaidu daban-daban da a ke ƙarawa a kan lasin: ta tashi da dare daban, ta kowane irin babban jirgi daban, ta tuƙi da agogo kaɗai daban, watau mutum ya iya tafiya cikin gajimare ko hazo ba ya ganin kome a waje, sai agogunan da ke gabansa. Akwai takardar likita mai ƙarewa a sabunta. A ƙasashe da yawa ma, wanda bai tashi ya sauka sau uku ba cikin kwana 90 da suka wuce ba shi da izinin ɗaukar kowa. Dattijon ya ce namu Kyaftin lasin farko gare shi, ba shi da ta dare, ba shi da ta agogo, awoyinsa kuma ba su kai ɗari ba. Ya ƙara da cewa irin wannan jirgi, ko da ya ke kujerunsa huɗu ne, in an cika tankinsa da mai sau da yawa ba ya ɗaukar manya huɗu da kayansu. Dogon gudun nan da muka yi a Yola kafin mu ɗaga, nauyi ne.

Zancen ranar da ta koma dama kuwa, sai da na dawo gida na buɗe littafina na kiwon lafiya na kwaleji na gane shi. Can cikin kunne akwai waɗansu 'yan bututu uku masu ruwa, su ke gaya wa mutum ko a tsaye ya ke ko ya karkata. Kun tuna hajijiya da mu ke yi muna yara? In kin daɗe kina juyi ruwan sai ya saba, da kin tsaya kuma sai ki ji duniya ce ke juyawa. Haka ya ke faruwa ga matuƙi. In jirgi ya karkata a hankali, kunne ba ya ji. Muddin ido na ganin ƙasa, ido zai gyara kuskuren. In hazo ya rufe ido, jiki sai ya yi ta rantsuwa a miƙe a ke, alhali jirgi yana kewayawa yana gangarawa. A 1954 an gwada wannan a Jami'ar Illinois ta Amurka. Aka ɗauki matuƙa 20 waɗanda ba su koyi tuƙi da agogo ba, aka rufe musu ganin waje, malami na zaune kusa don ya karɓa. Dukansu jirgi ya ƙwace musu, kuma in an raba lokacin daidai, sakan 178 kowannensu ya yi. Ko ruwan shayi bai tafasa ba.

Abin da ya ci ɗan Shugaban Amurka John Kennedy ke nan ran 16 ga Yuli, 1999. Shi ma biki za shi, na 'yar ƙanen mahaifinsa. Shi ma ya yi niyyar tashi da sauran rana aka makara. Shi ma ba shi da shaidar tuƙi da agogo, ya shiga hazo a kan teku da dare. Matarsa da yayarta suna ciki, uwa ɗaya ta rasa 'ya'ya biyu a dare ɗaya. Wannan ma miji ne, ba baƙon gidan biki ba. Game da nauyi kuma, akwai mawaƙiyar nan Aaliyah, 'yar shekara 22, wadda jirginsu ya faɗi yana tashi a tsibiran Bahamas ran 25 ga Agusta, 2001, mutum tara suka mutu. An tarad da kayan sun zarce ƙa'ida da wajen kilo 320, fiye da buhun shinkafa shida ke nan, matuƙin kuma ba a ba shi izinin jan wannan jirgin ba.

Mu dai a Gombe muka kwana, gidan wata 'yar'uwar ƙawata, muka bi motar asuba. Na isa Kano da azahar ran Littinin. Littafin sa hannu an rufe shi tun safe, takardar neman bayani tana jirana, watau abin da na gudu shi na tarar, har da ƙari. Wannan duk mai sauƙi ne. Gwaggo ta riga ta buga wa Baba waya tun daren Lahadi tana tambaya ko na iso, wayata kuwa ta mutu tun muna sama. Na same shi a zaure, an ce a nan ya kwana. Na durƙusa na gaishe shi. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Uwata, da an zo an ce mini jirgi ya faɗi da ke, da na ce ƙarya ne, 'yata tana cikin mota. Da sai in yi ta zuwa tasha." Ya tashi ya shiga gida.

Ƙanena mai son ƙwallo shi ya ba ni labarin da ya fi tsaya mini a rai, don ya nuna mini ba ƙauyanci ne ya kai ni ba, kuma kuɗi ba su tsare kowa daga wannan. Emiliano Sala ɗan Ajantina ne, mai shekara 28, yana wasa a garin Nantes na Faransa. A Janairu na 2019 kulob ɗin Cardiff na Birtaniya ya saye shi fam miliyan 15. Ya koma Nantes don ya yi sallama da abokan wasansa, za shi dawo ya fara aiki. Kulob ɗin ya ce ya yi masa tayin tikitin jirgin fasinja, amma waɗansu suka shirya masa ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, ƙirar Piper Malibu ta 1984, don ya fi sauri. Daren 21 ga wata suka tashi. Daga cikin jirgin ya aika wa abokansa saƙon murya, yana cewa jirgin kamar zai wargaje, kuma yana jin tsoro. Ku duba fa, ya gani, ya ji a jikinsa, amma bai ce a buɗe masa ƙofa ba. Na san wannan kunyar, ita ta hana ni magana sa'ad da na ga ana danna kaya da gwiwa.

Bayan awa ɗaya da 'yan mintoci jirgin ya ɓace a kan tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila, kusa da tsibirin Guernsey. Sai bayan kusan mako biyu aka gano shi a ƙarƙashin ruwa, da gawar Sala a ciki. Ta matuƙin ba a same ta ba. Masu bincike suka fitad da rahoto a 2020. Matuƙin, mai shekara 59, sana'arsa aikin gas ce a gidaje, tuƙi na sha'awa ne. Lasin farko gare shi, irin na Kyaftin ɗinmu, ga shi kuwa an shirya za a biya shi. Ba shi da shaidar tashi da dare. Izininsa na jan irin wannan jirgi ya ƙare tun watanni. Sa'an nan akwai abin da ku matan gida kun san shi sarai, gubar nan marar wari da ke fita daga gawayi ko janareto, wadda ke kashe mutane a ɗaki rufe da hunturu. Ita ce ta yoyo daga salansar injin ta shiga inda su ke zaune. An sami kashi 58 cikin 100 na jinin Sala ta kama shi, abin da ya isa ya sumad da ƙato. A 2021 kotu ta ɗaure mutumin da ya shirya tafiyar wata 18. Mahaifin yaron kuwa bai ga wannan ba, zuciyarsa ta buga wata uku bayan haɗarin.

Abin da ke ba ni haushi da kaina shi ne, mu mata ba mu da ƙyuyar tambaya. Kafin mu ba tela atamfa sai mun ga ɗinkin da ya yi wa wata. Ungozoma sai mun ji hannunta a bakin mata uku. Mai neman aure kuwa har kakansa a ke tonowa. Amma da na ga tabarau, na ji ana cewa Kyaftin, sai na ga kamar tambaya rashin wayewa ce, kamar zan nuna ban taɓa shiga jirgi ba. Dattijon nan na Gombe ya ce mana matuƙin kirki ba ya jin haushin tambaya, murna ya ke yi. Shi da kansa zai fito da lasinsa da littafin da ya ke rubuta awoyinsa. Zai tambaye ki nauyinki ko da kin ji kunya, ya ce wannan jaka ba za ta shiga ba. Za ki ga ya kewaya jirgin yana taɓa ko'ina, ya tsiyayi mai a 'yar kwalba ya ɗaga ya duba ko da ruwa a ciki. Zai nuna miki yadda a ke buɗe ƙofa da ɗamara. Mafi girma duka, shi ne wanda zai iya duban sama ya ce, "Yau ba za mu tafi ba," ko da kowa ya ɓata rai.

To, wannan na zaunad da 'yar maƙwabtanmu na faɗa mata, har na nuna mata tabon farce. Na ce ban da ikon hana ta, wannan na iyayenta ne, kuma lalle ne su sani kafin kowa. Amma ta kira shi a gabana. Ta tambaye shi sunansa da na mahaifinsa, da irin lasin da ya ke da shi, da awa nawa ya yi a sama, da ko jirgin na wane ne, da ƙarfe nawa za a tashi a kuma dawo, da ko yayanta zai iya zuwa ya ga takardun ya kuma bi su. Ta yi ta murɗa gefen hijabi tana cewa, "Anti, ai sai ya ce na raina shi." Daga bisani ta kira, muryarta na rawa, ta sa yadda zan ji. Ya amsa ta farko da dariya. A ta biyu ya ce, "Wai wa ke kitsa miki wannan ne? Ba ki yarda da ni ba?" Da ta ambaci yayanta sai ya ce ana kiransa a wani layi, zai neme ta.

Yau kwana tara ke nan bai neme ta ba. Ita kuma tun ran nan in mun haɗu a bakin famfo, gaisuwar da ta ke yi mini a taƙaice ce.